Sauya Suna a Laburaren Kod: A Bar Tsohon, A Yi Masa Laƙabi, A Yi Masa Ritaya, Ko A Yanke Shi?

Duk mai kula da laburaren kod na 'yan shekaru (wato tarin kod da wasu ke ɗauka su yi amfani da shi a manhajojinsu) zai wayi gari da wani suna da ke ci masa tuwo a ƙwarya. Wataƙila an rubuta `getUserList` tun farko, daga baya sauran laburaren ya koma salon `get_users`. Wataƙila sunan ƙarya yake yi: an kira fankshin `check_file`, alhali ba duba fayil kaɗai yake yi ba, har gyara shi yake yi. Ko kuma kuskuren rubutu ne da ba wanda ya lura da shi sai bayan an saki siga ta farko. Gyaran a wurinka aikin minti biyar ne. Damuwar ita ce sunan ya riga ya bar hannunka. Yana cikin kod ɗin mutanen da ba ka sani ba, yana cikin darussan da aka wallafa, yana cikin fayilolin saiti, kuma ranar da ka taɓa shi manhajar wani ce can za ta tsaya cik.

Hanyoyi biyar ake bi: a bar tsohon suna yadda yake, a kawo sabo a bar tsohon a matsayin laƙabi, a kawo sabo a yi wa tsohon sanarwar ritaya, daga baya a cire shi, a yanke shi lokaci guda a babbar siga, ko a gina sabon ƙunshi a gefen tsohon. Kowacce akwai manyan laburaren da suka bi ta, an kuma ga abin da ya biyo baya.

Da farko, me ya sa kake son sauya sunan?

Dalilai uku ne, kuma nauyinsu ba ɗaya ba.

Na farko salo ne kawai: camelCase (irin `getUserList`) ko snake_case (irin `get_users`), babban baƙi ko ƙarami. Wannan shi ya fi yawa, shi ne kuma mafi rauni. Takardar PEP 8 ta Python, wadda aka rubuta a 2001, ta ce a rubuta sunan fankshin da ƙananan baƙaƙe da layin ƙasa tsakanin kalmomi. Amma ita kanta ta ce kada a karya kod ɗin da ke aiki don kawai a bi ta, ta kuma yarda a bar tsohon salo inda ya riga ya kafu.

Na biyu, sunan yana ɓatar da mai karatu har ya rubuta kod mara kyau. `np.float` na NumPy, laburaren lissafi na Python, misali ne: mutane sun ɗauka wani nau'in lamba ne na NumPy, alhali `float` ne na Python aka ba wani suna. Rust ta sauya `trim_left` zuwa `trim_start` saboda a rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu, kamar Larabci da Ibrananci, farkon layi ba a hagu yake ba. Irin wannan dalili yana da ƙarfi.

Na uku tilas ce daga waje: rikicin alamar kasuwanci, ko karo da wani suna da ya riga naka. Nan ba zaɓin ko za a sauya ba ne, zaɓin yadda za a sauya ne.

Sai kuma ka tabbatar ka san iyakar abin da ake kira suna. Ba sunan fankshin da na kilas kaɗai ba ne. Hanyar shigo da modul suna ce. Sunan kuskuren da laburarenka ke jefawa suna ne, domin wani yana kama shi da `except`. Mabuɗan fayil ɗin saiti da tutocin layin umarni duk sunaye ne. Sunan paramita ma haka: a Python ana iya kiran fankshin da sunan paramita, PHP ma ta kawo wannan a siga ta 8.0 a 2020, don haka sauya `data` zuwa `rows` a cikin sa-hannun fankshin zai iya karya kod ɗin wani. Wanda aka fi mantawa da shi shi ne bayanan da aka adana. Fayil ɗin `pickle`, wanda Python ke adana bayanai a cikinsa, yana riƙe da sunan modul da sunan kilas. Ka matsar da kilas ɗin, tsofaffin fayiloli sun daina buɗuwa, ko da mai su ya gyara kowane layi na kod ɗinsa.

Ma'aunai huɗu

Tsada: aikin nawa ne, kuma a wuyan wa zai faɗa, mai laburare ko masu amfani da shi? Awa biyu taka na iya zama awa biyu sau dubu a wajen wasu.

Ɗorewa: bayan shekara biyar ko goma, shawarar tana nan da ƙafarta, ko ta zama kayan da ake ja?

Sauƙi: sabon shiga da ya buɗe takardun bayani, zai gane wane suna zai rubuta ba tare da ya tambayi kowa ba?

Haɗari: idan abin ya lalace, da ihu zai lalace ko a shiru? Manhajar da ta ƙi tashi da saƙon kuskure bayyananne ta fi wadda ta tashi tana ba da amsa mara kyau sauƙin magani. Wannan ma'aunin ya fi sauran ukun muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa.

Hanya ta 1: a bar kaza cikin gashinta

Modul ɗin `logging` na Python ya shigo a siga ta 2.3 a 2003, da salon da ya kwaikwayo daga log4j na Java. Har yau `getLogger`, `setLevel` da `basicConfig` ake rubutawa. `unittest` ma yana nan da `setUp` da `assertEqual`. A HTTP, an rubuta `Referer` da baƙi ɗaya a ƙasa da daidai, aka buga shi haka a RFC 1945 a 1996, kuma ya zauna. Da aka zo ƙirƙirar `Referrer-Policy` daga baya sai aka rubuta shi daidai, don haka yanzu rubutu biyu ne ke yawo a ƙa'ida ɗaya. Unix na da `creat` a madadin `create`. PHP na da `strpos`, marar layin ƙasa, a gefen `str_replace` mai shi.

Tsada: babu, ga kowa. Haɗari: babu. Ɗorewa: ta fi kowacce. Abin da ake biya shi ne sauƙi, ana kuma biyansa kaɗan-kaɗan kullum: kowane sabon shiga sai ya haddace cewa wannan sashe daban yake. A zamanin da edita ke cike maka suna da zarar ka buga baƙaƙe uku, wannan farashi ya ragu sosai.

Tambayar da ke biyo baya ita ce: sabon fankshin da za a ƙara a irin wannan modul, wane salo zai bi? Ya bi salon maƙwabtansa. Modul da ke camelCase gaba ɗaya ya fi wanda rabinsa haka rabinsa haka.

Inda wannan hanya ba ta aiki shi ne inda sunan ke jawo kuskure na gaske. Nan barinsa ba haƙuri ba ne, sakaci ne.

Hanya ta 2: sabon suna, tsohon ya zama laƙabi

Python ta ƙara `current_thread` da `is_alive` a `threading` a siga ta 2.6 a 2008, ta bar `currentThread` yana aiki ba tare da ko tari ba har siga ta 3.10 a 2021, sannan ta fara gargaɗi. JavaScript ta kawo `trimStart` da `trimEnd` a ES2019, ta bar `trimLeft` da `trimRight` a matsayin laƙabi saboda shafukan da suka dogara da su. Go ta mayar da ayyukan `io/ioutil` zuwa `io` da `os` a siga ta 1.16, amma tsohon ƙunshin yana nan, `ioutil.ReadAll` kawai miƙa aikin yake yi ga `io.ReadAll`, alkawarin da Go ta ɗauka tun siga ta 1 a 2012 na cewa ba za ta karya tsohon kod ba ya hana a cire shi.

A ido wannan hanya kamar kyauta ce: layi ɗaya, `getUserList = get_users`, shi ke nan. Ga fankshin da ke zaman kansa, kusan haka ne. Ga aikin da ke cikin kilas da mutane ke gada, akwai rami.

A ce kilas ɗinka na da `isReady`, ka sauya shi zuwa `is_ready`, ka bar `isReady = is_ready`. Ka kuma gyara cikin laburarenka duka ya koma kiran `is_ready`. Wani mai amfani ya gaji kilas ɗin tun bara, ya sake rubuta `isReady` da nasa sharaɗin. Bayan ya sabunta, laburarenka ya daina kiran nasa, yana kiran naka na asali. Babu saƙon kuskure, babu gargaɗi. Manhajarsa ta tashi lafiya lau, sharaɗinsa ne kawai ya ɓace. Haka abin yake ga gwaje-gwajen da ke maye gurbin tsohon suna da `mock.patch`: sun maye laƙabin, kod na gaskiya yana bi ta sabon suna, gwajin ya daina gwada abin da aka rubuta shi dominsa. Maganin a Python shi ne a duba a `__init_subclass__`: idan kilas mai gado ya bayyana tsohon suna bai bayyana sabo ba, a yi gargaɗi, ko a haɗa sabon sunan da nasa.

Rami na biyu: laƙabi sai ya kasance daidai da asali, ba kusan daidai ba. `os.ReadDir` na Go ba irin sakamakon `ioutil.ReadDir` yake dawowa da shi ba, shi ya sa ba za ka sauya sunan kawai ka wuce ba. Idan ka yi amfani da damar sauya suna ka gyara hali a lokaci guda, to ba laƙabi ba ne kuma, fankshin biyu ne, kowanne na buƙatar gwajinsa da bayaninsa.

Ta fuskar ɗorewa, laƙabin da ba ya magana ba ya mutuwa. Ba abin da ke tura mutane su koma sabo, tsofaffin darussa na ci gaba da koyar da tsohon, kuma bayan shekara goma za ka ga duka biyun a fayil ɗaya. Idan ka zaɓi wannan hanya, cire tsohon daga takardun bayani da misalai, ka bar layi ɗaya da ke cewa yana nan don tsohon kod.

Hanya ta 3: sanarwar ritaya, sannan cirewa

Wannan ita ce hanyar da yawancin laburare masu rai ke bi, ita ce kuma ta fi yawan wuraren da ake yin tuntuɓe. Matakanta huɗu ne.

Mataki na farko, a fitar da sabon suna a ƙaramar siga, tsohon na aiki kamar da, a rubuta a takardun bayani cewa zai tafi. Na biyu, tsohon ya fara gargaɗi. Na uku, a jira. Na huɗu, a cire shi a babbar siga. Ƙa'idar SemVer, wato tsarin ba sigogi lamba, ta ce a samu aƙalla ƙaramar siga ɗaya mai ɗauke da sanarwar kafin cirewa. Wannan ƙasan ƙasa ke nan. Manufar Python, PEP 387, ta nemi gargaɗin ya zauna aƙalla sigogi biyu, wato shekara biyu tunda siga ɗaya ake fitarwa a shekara.

Ga yadda gargaɗin ya kamata ya kasance a Python:

```python
def getUserList(*args, **kwargs):
    warnings.warn(
        "getUserList zai fita a siga ta 4.0, yi amfani da get_users",
        DeprecationWarning,
        stacklevel=2,
    )
    return get_users(*args, **kwargs)
```

Abu uku ne a cikin saƙon: abin da zai tafi, ranar tafiyarsa, da magajinsa. Saƙon da ya rasa ɗaya daga ciki surutu ne. `stacklevel=2` kuwa shi ke sa gargaɗin ya nuna layin mai kira, ba layin da ke cikin laburarenka ba. Idan ka manta da shi, mai amfani zai ga sunan fayil ɗinka, bai san inda zai gyara a nasa ba. Akwai illa ta biyu da ta fi wannan: Python tana ɓoye `DeprecationWarning` sai idan kod ɗin da ya jawo shi yana cikin `__main__`, kuma da layin da gargaɗin ya nuna take yanke hukunci. Rashin `stacklevel` na iya sa ba wanda zai taɓa ganinsa. Idan masu amfani da laburarenka masu nazarin bayanai ne da ba sa gudanar da gwaje-gwaje, `FutureWarning` ya fi, domin shi ana nuna shi ba tare da an kunna komai ba. Ga sunan da ba fankshin ba, kamar tsayayyar ƙima a modul, tun 3.7 ana iya rubuta `__getattr__` a matakin modul ya yi gargaɗin. Siga ta 3.13 ta ƙara `warnings.deprecated`, wanda editoci da masu duba nau'i ke gani tun kafin a gudanar da kod.

Yaruka masu kompaila (manhajar da ke harhaɗa kod kafin a gudanar da shi) sun fi samun sauƙi a nan. Java na da `@Deprecated`, kuma tun Java 9 ana iya ƙara `since` da `forRemoval` don a bambanta abin da aka daina so da abin da za a cire da gaske. Rust na da `#[deprecated]`. Swift da Kotlin sun wuce nan: a Swift ana rubuta `renamed:`, a Kotlin `ReplaceWith`, sai edita ya gyara wa mai amfani da dannawa ɗaya. Kotlin har matakai uku take da su, `WARNING`, `ERROR` da `HIDDEN`, wanda na ƙarshen ke ɓoye sunan daga sabon kod amma kod ɗin da aka riga aka harhaɗa ya ci gaba da aiki.

To, jiran fa, tsawon wane lokaci? Tarihi ya nuna kusan kullum ya fi yadda aka tsara. `assertEquals` na `unittest` ya samu sanarwa a 3.2 a 2011, ba a cire shi ba sai 3.12 a 2023. An mayar da `Mapping` da 'yan uwansa zuwa `collections.abc` a 3.3, aka ɗage cire tsofaffin sunayen fiye da sau ɗaya, sai a 3.10 suka tafi. `logging.warn` an cire shi a sigar gwaji ta farko ta 3.13, aka dawo da shi kafin a saki sigar. A ɗaya ɓangaren, NumPy ta yi wa `np.float` da `np.int` sanarwa a 1.20 a farkon 2021, ta cire su a 1.24 a ƙarshen 2022. Pandas ta yi wa `DataFrame.append` sanarwa a 1.4 a farkon 2022, ta cire shi a 2.0 a Afrilun 2023. Dukkansu sun bi ƙa'ida, duk da haka cirewar ta zo wa ɗimbin mutane bagatatan, domin akasari ba kod ɗinsu ne ke kiran tsohon sunan ba, wani laburare ne da suka dogara da shi wanda ba a sabunta ba.

Wannan shi ne ainihin haɗarin hanya ta 3. Gargaɗi yana isa ga wanda ke kula da kod ɗinsa. Wanda ya rubuta ya tafi, ba ya jin komai. Kuma wanda ya tsallake sigogi, daga wadda ba ta gargaɗi zuwa wadda ta riga ta cire, bai taɓa ganin saƙon ba. Saboda su, kada cirewa ta zama shafewa. Bar tsohon sunan ya jefa kuskure mai bayani na siga ɗaya ko biyu. NumPy ta yi haka: wanda ya rubuta `np.float` yana samun saƙon da ke gaya masa abin da zai rubuta a madadinsa.

Doka ɗaya da bai kamata a yi wasa da ita ba: sunan da ya yi ritaya kada a ba wani aiki daban da wuri. NumPy ta dawo da `np.bool` a siga ta 2.0 a 2024, amma yanzu nau'in NumPy ne, ba `bool` na Python ba kamar da. Sun bar tazara tsakanin cirewa da dawowa, wanda ya rage haɗarin, amma tsohon kod da ya tsallake tazarar zai tashi da wata ma'ana ba tare da saƙo ba.

Hanya ta 4: yanka ɗaya a babbar siga

Python 3.0 ta fito a Disamban 2008 da `configparser` a madadin `ConfigParser`, `queue` a madadin `Queue`, `tkinter` a madadin `Tkinter`, ba tare da laƙabi ba. An tsara Python 2 ta ƙare a 2015, sai da aka ɗage zuwa 1 ga Janairun 2020. A yi adalci: ba sunaye ne babban abin da ya jinkirta mutane ba, rabuwar rubutu da bayit ce. Amma sunayen sun ƙara nauyi, har aka gina `six.moves` don kawai kod ɗaya ya iya shigo da modul ɗaya a ƙarƙashin suna biyu. Darasin da ke nan shi ne masu laburare ba sa iya ƙaura rana ɗaya. Dole su tallafa wa tsohuwar siga da sabuwa tare na wani lokaci, kuma yanka ɗaya yana hana su rubuta kod ɗin da zai yi aiki a duka biyun.

Sauyin `javax` zuwa `jakarta` tilas ce ta kawo shi. Bayan Oracle ta miƙa Java EE ga Eclipse Foundation, ba a cimma yarjejeniya kan ci gaba da bunƙasa sunan `javax` ba, sai Jakarta EE 9 ta sauya shi a 2020. Tomcat 10 da Spring Boot 3 suka bi. Manhajar da aka rubuta da `javax.servlet` ba ta aiki a Tomcat 10 sai an juya ta, kuma laburare ɗaya da bai ƙaura ba ya isa ya riƙe dukan aikin.

Swift 3 a 2016 ta sauya sunaye masu tarin yawa a lokaci guda, irin su `stringByAppendingString` da ya koma `appending`. Ta sha da ƙyar, kuma abu uku suka taimaka mata: yaren yana da shekara biyu kacal, Xcode, editan Apple, ya zo da kayan ƙaura, kompaila kuma tana nuna duk inda ya karye kafin manhaja ta tashi.

Saboda haka tsadar wannan hanya kaɗan ce gare ka, mai yawa ce ga jama'a. Sakamakonta shi ne mafi tsabta. Haɗarinta ya danganta da yare: inda akwai kompaila, karyewar da ihu take zuwa, a Python ko JavaScript, tana iya laɓewa a reshen kod da ba a bi sai sau ɗaya a wata. Kada ka bi ta ba tare da kayan gyara na atomatik ba. NumPy 2.0 ta zo da ƙa'idar `NPY201` a Ruff, kayan duba kod na Python. React ta ba da kayan da ke ƙara `UNSAFE_` a gaban `componentWillMount` da 'yan uwansa. Rust na da `cargo fix`. Ka sani kuma irin waɗannan kayan ba sa ganin sunan da aka rubuta a cikin zaren rubutu, kamar `getattr(obj, "isReady")`, ko a fayil ɗin saiti.

Hanya ta 5: sabon ƙunshi a gefen tsohon

Java ba ta gyara `java.util.Date` ba. Yawancin ayyukansa suna ɗauke da sanarwar ritaya tun JDK 1.1 a 1997, suna nan har yau. Abin da aka yi shi ne an kawo `java.time` a Java 8 a 2014. Go ta kawo `math/rand/v2` a siga ta 1.22 a 2024, inda `Intn` ya zama `IntN`, aka kuma watsar da abubuwan da aka daɗe ana nadamarsu, tsohon `math/rand` kuwa bai motsa ba. Tsarin modul na Go ma ya mai da wannan doka: babbar siga ta biyu sai ta ɗauki `/v2` a hanyar shigowarta.

Babbar fa'idarta ita ce tsoho da sabo suna zama a manhaja ɗaya, don haka ana ƙaura fayil bayan fayil, kuma laburaren da bai ƙaura ba ba ya tare kowa. Tsadarta a wuyanka take: kod biyu, takardun bayani biyu, gyaran tsaro a wuri biyu. Idan nau'ikan ƙunshin biyu suna haɗuwa, sai ka rubuta gada, kamar yadda `Date` ya samu `toInstant`. Don sauya suna uku kacal, wannan hanya ta yi girma.

Tana da ƙaramar ƙanwa a matakin fankshin: a liƙa wutsiya a sunan. Windows na da `VirtualAlloc`, `VirtualAllocEx` da `VirtualAlloc2`. Linux na da `dup2`, `dup3` da `accept4`, inda lambar ke nuna yawan paramita, sai kuma `clone3` wanda paramita biyu yake karɓa. Ba ta karya komai, amma sunan ba ya gaya maka wanne za ka zaɓa.

| Hanya | Tsada ga mai laburare | Tsada ga masu amfani | Ɗorewa | Sauƙi ga sabon shiga | Irin haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| 1. A bar shi | Babu | Babu | Sosai | Sai an haddace | Babu, sai in sunan na yaudara |
| 2. Laƙabi | Kaɗan | Babu | Suna biyu har abada | Ruɗani matsakaici | A shiru, a kilas masu gado |
| 3. Ritaya | Matsakaiciya, ta shekaru | Matsakaiciya, a rarrabe | Mai kyau | Mai kyau bayan cirewa | Kod da aka yi watsi da shi |
| 4. Yanka ɗaya | Kaɗan, ban da kayan ƙaura | Mai yawa, lokaci guda | Mai kyau in an biyo ka | Mafi kyau | Rabuwar jama'a gida biyu |
| 5. Sabon ƙunshi | Mai yawa | Kaɗan, a lokacin da suka so | Tsohon ba ya mutuwa | Sai an nuna wanne ne sabo | Kaɗan |

Wacce ta dace da kai?

Idan laburarenka bai kai siga ta 1.0 ba, ko masu amfani da shi ba su wuce waɗanda za ka iya aika wa saƙo ba, hanya ta 4. Yanzu ne ya fi araha. Zauna ka zaɓi salo ɗaya, wanda yaren ya saba da shi, ka sa layin ƙasa a gaban duk abin da ba na jama'a ba, ka kuma yi amfani da `/` a sa-hannun fankshin, wanda Python ta kawo a 3.8, domin sunayen paramitocin da ba ka son ɗaukar alhakinsu su zauna a hannunka.

Idan laburaren cikin kamfani ne kuma duk kod ɗin da ke kiransa yana ma'ajiyar da kake gani, nan ma hanya ta 4: sauya sunan da duk masu kiransa a gyara ɗaya. Bincika zaren rubutu da fayilolin saiti da bayanan da aka adana kafin ka haɗe.

Idan laburaren ya yaɗu kuma salo ne kawai damuwarka, hanya ta 1. In jama'a sun matsa, hanya ta 2, amma ga fankshin masu zaman kansu kaɗai, ba ga ayyukan da ake sake rubutawa a kilas masu gado ba.

Idan ya yaɗu kuma sunan yana jawo kuskure, hanya ta 3. Kafin ka sa ranar cirewa, bincika ma'ajiyoyin kod na fili ka ga su wa ke kiran tsohon sunan, ka aika wa manyan laburaren da suka dogara da kai gyaran da kanka. Kada ranar cirewa ta zo alhali waɗannan ba su saki sigar da ta ƙaura ba.

Idan ba sunan kaɗai ne ya lalace ba, har da ƙirar, hanya ta 5.

Idan kuwa abin da kake kula da shi ƙa'idar sadarwa ce, ko tsarin fayil, ko dandalin da tsohon kod ke gudana a kansa ba mai gyara shi, to cirewa ba ta cikin zaɓinka, ko ƙara sabon suna ma sai da lura. A 2018 an so a ƙara `Array.prototype.flatten` a JavaScript, sai aka tarar yana karya shafukan da ke amfani da tsohuwar sigar laburaren MooTools, wadda ta riga ta liƙa nata `flatten` a wuri ɗaya. Ba a iya gyara shafukan ba, don haka kwamitin TC39, mai tsara ƙa'idar JavaScript, shi ne ya ja da baya ya kira nasa `flat`. Laburaren nan ɗaya ne ya sa `contains` na zaren rubutu ya zama `includes` kafin wannan. A irin wannan matsayi, gwada sabon sunan a kan kod na gaske da ke waje tun yana sigar gwaji, lokacin da janye shi bai wuce gyaran layi ɗaya ba.